Wasiƙun dalma: yadda fataken Girka na dā suke aika wa juna saƙo

Wani ɗan'uwa ya tambaye ni, wai shin Girkawan dā da suka bazu bakin teku suna kafa garuruwa suna fatauci, suna rubuta wa juna wasiƙa kuwa irin ta tsakanin mutum da mutum, ko ko rubutu a zamanin na sarakuna ne da masu falsafa kawai? In kuma suna yi, a jikin me suke rubutawa, wa ke kaiwa?

To ɗan'uwa suna yi, kuma ba shaci-faɗi ba ne, wasiƙun suna nan an tono su daga ƙasa, wasu sun haura shekara 2,500. Abin da zai ba ka mamaki ma shi ne mafi tsufa a cikinsu ba daga Atina suka fito ba inda kowa zai zata, daga can gefe-gefe suka fito, bakin Bahar Aswad wajen Yukren da kudancin Rasha na yau, da kuma can yamma gaɓar Faransa da Sifaniya. Wato inda ɗan kasuwa ya yi nisa da gida nan buƙatar rubutu ta fi kama shi.

Amma bari in fara gyara wani abu, don in aka ce maka Girkawa sun kafa garuruwa a ƙasashen wasu zuciyarka za ta tafi kan mulkin mallaka irin na Turawan Ingila, alhali ba haka abin yake ba. Kalmar da suke amfani da ita apoikiya ce, ma'anarta gidan da ke nesa da gida. Gari zai cika ko a yi rigima ko ƙasar noma ta yi kaɗan, sai wasu su shiga jirgi su je wani bakin ruwa su kafa nasu garin, kuma sabon garin cin gashin kansa yake, tsakaninsa da uwar garin sai zumunci da addini da yare. Akwai kuma wanda suke kira emforiyon, shi wannan kusan zango ne, wurin sauke kaya da ciniki da mutanen ƙasa. Mutanen Miletus, wani gari a gaɓar Turkiyya ta yau, su suka fi cika Bahar Aswad, sun zauna a Berezan kusa da inda kogin Dnieper ke shiga teku tun ƙarni na 7 kafin Miladiyya, daga baya suka kafa Olbiya a kusa. Mutanen Fokaya, shi ma wani gari a gaɓar Turkiyya ta yau, kuma suka yi yamma, suka kafa Masaliya wajen shekara ta 600 kafin Miladiyya, ita ce Marsey ta Faransa a yau, daga nan aka ƙara gaba aka kafa Emforiyon a arewa maso gabashin Sifaniya wajen 575, garin ma sunansa kenan, kasuwa. Kayan da ke yawo kuwa, daga kudu ana kai giyar inabi da man zaitun a manyan tuluna masu hannu biyu, da kwanukan yumɓu masu zane, daga arewa a dawo da alkama, kifi mai gishiri, fatu, zuma, kakin zuma, da bayi. Eh bayi, kar mu ɓoye, cinikin mutane babban reshe ne na wannan kasuwar.

Yanzu a kan me ake rubutu. Akwai takardar fafiros da ake yi a Masar daga wata ciyawar bakin kogi, akwai allon katako da ake shafe wa kaki a karce, akwai fata. Duk waɗannan in suka daɗe a ƙasa mai laima ruɓewa suke, shi ya sa abin da ya iso mana iri biyu ne kawai, tsingaro da dalma. Dalma ita ce ta fi, domin araha gare ta, wurin tace azurfa ake samunta da yawa, ga ta da laushi, a buga ta ta yi fele-fele kamar ganye, a sa tsinken ƙarfe a karce rubutu, a naɗe ta kamar yadda ake naɗe laya, a rubuta sunan mai ita a baya. Ruwan teku ba ya wanke ta, gumin ɗan aike ba ya goge ta. Gaba ɗaya waɗanda masana suka tattara, na dalma da na tsingaro, ba su cika ɗari ba, kuma da yawa gutsattsari ne. Da irin wannan dalmar ce dai suke rubuta sammu su soke da ƙusa su binne a kabari ko su jefa rijiya, kuma na sammun sun ninka na wasiƙa yawa nesa ba kusa ba, wannan kuma zancen wata rana ne.

Wadda ta fi shahara ita ce ta Berezan, wani masani ɗan Rasha Yuri Vinogradov ya fara buga karatunta a 1971, tana gidan tarihi na Hermitage a birnin San Fitasbag. An rubuta ta wajen shekara ta 500 kafin Miladiyya. Ƙarama ce, tsawonta wajen santimita 15, faɗinta bai kai 7 ba, ka ɗauka kamar wayar da ke hannunka, an cusa layuka a ciki ba tazara tsakanin kalma da kalma don haka suke rubutu a lokacin. A bayanta an sa cewa dalmar Akilodoros ce zuwa ga ɗansa da Anaksagoras. Ka lura bai ce wasiƙa ba, dalma ya ce. Ga abin da ke ciki a taƙaice da Hausa: Ya Furotagoras, babanka ne ke aiko maka. Matasis yana zaluntarsa, yana neman mayar da shi bawa kuma ya raba shi da kayan da ya ɗauko. Ka je wurin Anaksagoras ka ba shi labari, don Matasis cewa yake babanka bawan Anaksagoras ne, wai Anaksagoras ya riƙe masa dukiya, bayi maza da mata da gidaje. Shi kuwa babanka yana ta ihu yana cewa ba abin da ya haɗa shi da Matasis, shi ɗa ne ba bawa ba, in akwai wata magana tsakanin Matasis da Anaksagoras su biyun suka san abinsu. Ka faɗa wa Anaksagoras wannan, da matarsa. Sannan ka kwashe uwarka da 'yan'uwanka ka kai su cikin birni.

Duk lokacin da na karanta wa ɗalibai wannan sai aji ya yi tsit a wurin nan da ya ce yana ihu. Mutum ne ya fita neman abinci da lodin maigidansa, an tare shi a garin da ba nasa ba kan bashin da bai ci ba bai sha ba, an bar jaki ana dukan taiki. Kuma abin haushin Matasis ba ɗan fashi ba ne a idon al'adar lokacin. Akwai abin da Girkawa ke kira sule ko sulan, wato in kana bin wani baƙo haƙƙi kuma ba kotun da ta haɗa garinku da nasu, kana iya kame dukiyarsa duk inda ka gan ta, kai har ta ɗan garinsu. To bawa dukiya ne a wurinsu, shi ya sa duk rigimar ta tattaru kan kalma ɗaya, Akilodoros ɗa ne ko bawa. In bawa ne an kame kayan Anaksagoras kenan daidai da al'ada, in ɗa ne Matasis ya yi ɓarna. Kuma wa zai shaida shi ɗa ne a inda ba a san ubansa ba? Sai maigidan, shi ya sa yake roƙon a je a gaya masa. Umarnin ƙarshe kuma na a kwashe iyali a kai birni yana nuna tsoronsa kar kamen ya wuce kansa ya hau kan matarsa da yaransa. Wani abu da nake so mutane su riƙa lura da shi, ya ce a faɗa wa matar Anaksagoras ma, kenan ba a bayan labule take ba a harkar, tana da ta cewa ko aƙalla in miji ya yi tafiya ita ke riƙe da gida da lissafi. An samu dalmar a naɗe, wannan ya sa masana da dama ke ganin ba ta kai hannun ɗan ba.

Ka kuma dubi salon maganar, ba ya cewa "ni", sai "babanka", "yana cewa", kamar wani ne ke ba da labarinsa. Dalili shi ne wasiƙa a farkonta saƙon baka ce aka ɗora a dalma, irin ka aiki yaro ka ce je ka ce da wane babanka ya ce kaza. Ba gaisuwa ba ya gida ya iyali, kai tsaye ya faɗa cikin magana. Gaisuwar buɗe wasiƙa da Girkawa suka saba da ita daga baya, khairein, wadda asalinta daga kalmar farin ciki ne, sai wajen ƙarni na 4 kafin Miladiyya ta zama dole.

Daga Olbiya akwai wata ta kusan zamani ɗaya kuma ciwo iri ɗaya. Apatoriyos ne ya rubuta wa Liyanaks cewa wani Herakilides ya kame masa kaya, shi Apatoriyos ya ce kayan nan na Liyanaks ne ba nasa ba, don haka yana roƙon a aiko da rubuce-rubucen lissafi don a warware maganar, an ma ambaci kuɗin, sitata 27, wani irin kuɗi ne na zamanin. Kalmar da ya yi amfani da ita ga waɗannan rubuce-rubuce difteriya ce, wato 'yan fatu, kuma Hirodotus, marubucin tarihi na Girka, ya faɗa cewa Girkawan Iyoniya, wato yankin su Miletus da Fokaya, fata suke kiran littafi saboda a dā da fafiros ya yi musu wuya a fatar akuya da ta tumaki suke rubutu. To masana harshe suna danganta wannan kalma diftera da daftar ta Farisa da Larabci, wadda mu muka ara muka ce daftari. Ka ga kenan daftarin kasafin kuɗi da kake ji a rediyo kakansa fatar akuya ce a hannun wani falke. Amma muhimmin abin a nan, shekara 2,500 da suka wuce ɗan kasuwa a bakin Bahar Aswad yana da littafin shiga da fita, kuma yana sa ran abokin rigimarsa zai yarda da abin da ke rubuce.

Wannan kamen da ake yi wa fatake shi ya haifar da maganinsa. Gari zai ba baƙon da yake so asuliya, ma'ana ba mai taɓa shi ko kayansa, ya shigo tashar ruwa ya fita lokacin yaƙi ko lokacin lafiya, a sassaƙa a dutse a kafa kowa ya gani, an samu irin waɗannan duwatsu da yawa a Olbiya. Daga nan kalmar Turawa ta mafakar siyasa ta samo asali. Sannan ga furoksenos, ɗan gari ne mai mutunci da ke tsaya wa baƙin wani gari, ya sauke su, ya shige musu gaba wurin hukuma. Wanda ya san aikin fatoma a zango ya gane shi, bambancin kawai shi wannan hukumar garin baƙin ce ke naɗa shi a rubuce kuma sau da yawa 'ya'yansa su gada.

Mu leƙa yamma. A Emforiyon an tono wata dalma a 1985, ita ma ta wajen ƙarshen ƙarni na 6 ce, ta ci jiki sosai gefunanta sun gutsure amma ana gane maigida ne ke ba wakilinsa umarni, ana maganar giya, jirgi, wani wuri Saigante, da wani mutum da sunansa ya fara da Basped wanda ake so a nema ya yi aikin jan jirgi ko kaya. Sunan nan ba na Girkawa ba ne, na mutanen ƙasar ne. Wadda ta fi burge ni kuma ita ce ta Pech Maho, wani tsohon gari kusa da Narbon a kudancin Faransa, ta ƙarni na 5. An tono ta tun 1950 amma ta yi shekaru a ajiye a naɗe, sai a shekarun 1980 aka warware ta aka ga abin da ke ciki. Gefe ɗaya rubutun Eturuskawa ne, mutanen tsakiyar Italiya kafin Rum ta yi ƙarfi, har da sunan Masaliya a ciki, sai wani ya juya bayanta ya yi nasa da Girkanci, ka ga ba a jefar da dalma. Ita ba wasiƙa ba ce sak, takardar tuni ce ta ciniki: wani ya sayi ƙaramin jirgi wurin mutanen Emforiyon, ya sayar wa mai rubutun rabi, an ba da kafin alƙalami a inda jiragen ke ɗaure a gaban shaidu, aka jera sunayensu, su Basigeros da Bileruwas da Sedegon, ranar da aka cika kuɗi kuma aka sake kafa wasu shaidun. Shaidun nan 'yan ƙasa ne ba Girkawa ba. Kalmar kafin alƙalamin kuwa arrabon ce, Girkawa aro suka yi daga harsunan Samiyawa na gabas inda Finikiyawa ke fatauci, kuma wanda ya yi karatun fiƙihu babin ciniki ya san bai'ul urbun, to tushensu ɗaya.

A nan nake saɓa wa masu ba da labarin kamar Girkawa sun zo da wayewa sun tarar da mutane a duhu. Dalma ɗaya harshe biyu, mai saye Bagirke, shaidu 'yan Iberiya wato mutanen yankin, kalmar ciniki ta gabas. A Bahar Aswad ma sunan Matasis ba na Girkawa ba ne. Kuma akwai wata wasiƙa a jikin tsingaron tulu daga Kerkinitis a Kirimiya, inda garin Yefatoriya yake yanzu, ta wajen shekara ta 400 kafin Miladiyya, wani Apaturiyos yana gaya wa Newomeniyos ya tattara kifin gishiri ya kai gida, ya kula da shanu, sannan ya binciko su wa ke biyan haraji ga Sikitiyawa, wato makiyayan dawakin da ke mulkin filayen bayan gari. Wanda ke tambayar wa ke biyan haraji ai ba shi ke da ƙasa ba, zaman lallaɓa yake.

Batun wa ke kaiwa, babu gidan waya. Sarakunan Farisa suna da 'yan aike a kan dawaki zango-zango amma na sarki ne, talaka ba ya shiga. Ɗan kasuwa sai dai ya ba matuƙin jirgi ko bawansa ko wani ɗan garinsu da zai wuce ta can, shi ya sa adireshin suna ne kawai, mai kaiwa ya san gidan. Akwai wata daga yankin Atina ta ƙarni na 4 da aka ƙara bayani a bayanta, a kai kasuwar masu tukwane a ba Nausiyas ko Tarasikiles ko ɗan mai wasiƙar, kuma duk abin da mai ita Minesiyergos ke nema shi ne a aiko masa abin rufa, fatar tunkiya ko ta akuya mafi araha, da tafin takalmi. Sannan teku ba kullum ake shigarsa ba, da sanyi ya kama jirage sukan kwanta sai bazara, saƙon da ya makara ya kwana wata da watanni.

Wannan haɗarin har cikin kuɗin ruwa yake shiga. Akwai wata yarjejeniyar bashi da ta tsira cikin jawabin wata shari'a a Atina a ƙarni na 4, cikin jawaban da ake jingina wa Demostenis, shahararren mai jawabi na Atina. An ba wasu mutum biyu 'yan garin Faselis dirakma 3,000, a zamanin da dirakma ɗaya zuwa biyu ke biyan ma'aikaci yini guda, su sayi tulun giya 3,000 a Mende ko Sikiyone su kai Bahar Aswad, in sun so har Boristenis wato yankin su Olbiya, su dawo da wani kayan. Ruwan kuɗin 225 ne a kan kowace 1,000, amma in suka makara dawowa har tauraron da ke nuna shigowar kaka ya fito ya koma 300, saboda teku ya fara hauka. In kaya sun iso lafiya a biya cikin kwana 20, in jirgi ya nitse da gaske asarar mai ba da bashi ce. To ka san hali, bashi hanji ne, masu cin bashin suka ce ai jirgi ya fashe tsakanin garuruwan Pantikapayon da Tewodosiya a Kirimiya, mai kuɗin kuma ya ce ƙarya ne ba kayansu a ciki, abin da ke jirgin tulu 80 ne na giyar da ta yi tsami da ɗan kifi da wani manomi zai kai wa ma'aikatan gonarsa.

Mai hankali zai tambaya, to kowa ya iya karatu kenan? A'a, kar mu zarce. Wasiƙu ƙasa da ɗari a ɗaruruwan shekaru ba za su nuna haka ba. Abin da suke nunawa shi ne rubutu ya sauko hannun matsakaitan mutane da wuri, wakilai da yaran gida da masu kifi, saboda baƙaƙen Girkanci ashirin da 'yan kai ne, ba sai ka shekara goma wurin malami ba kamar rubutun Masar ko na Babila. Yadda suke rubutawa da yaren garinsu na Iyoniya, da kurakurai, da maimaita magana, ya nuna ba ƙwararrun magatakarda ba ne. Kuma a ganina cinikin kansa ba a kan rubutu ya tsaya ba, a kan mutane ya tsaya, ɗa da uba, maigida da yaronsa, shaidu a bakin ruwa, dalma tana shigowa ne in nisa ya raba su ko in abu ya ɓaci, shi ya sa mafi yawan abin da muke karantawa kuka ne da umarni na gaggawa. Cinikin da ya tafi lafiya ba wanda ya zauna karce shi.

Akwai wadda ba na son karantawa amma dole a faɗe ta, daga Fanagoriya a gaɓar Rasha, ta ƙarshen ƙarni na 6, 'yan layuka ne kawai: wannan yaron daga Boristenis aka sayo shi, sunansa Faules. Shi ne kayan, dalmar kuma takardar rakiyarsa.

Sai ta Artikon daga Olbiya a ƙarni na 4, wadda ta zo bayan gaisuwa ta zama al'ada, ya buɗe da gaida mutanen gida, sannan ya ce in wani mai suna Miliyon ya kore ku daga gidan ku koma ɗakin su Atakes in ya yarda, in bai yarda ba ku je na Agatarkos, kuma a karɓo kason ulu a wurin Kerdon. Mutum yana can wata uwa duniya yana fatauci, hankalinsa na kan mai gidan haya da ulun da yake bi.